Gudu, Imani da Buri: Daga Faris ta 1924 Zuwa Hanyar Tsibiri

A watan Yuli na 1924 samari biyu daga Birtaniya suka ci lambar zinare a gudu a gasar Olamfik ta birnin Faris. Ɗaya Bayahude ne, Harold Abrahams, wanda ya lashe tseren mita 100 cikin sakan 10.6. Ɗayan Kirista ne ɗan Sikotland, Eric Liddell, wanda ya lashe mita 400 cikin sakan 47.6. A daidai wannan lokaci ne ƴan mishan na ƙungiyar SIM suka buɗe tasharsu ta farko a Damagaram, kuma kafin shekarun 1920 su ƙare sun sauka a Tsibiri, ƙofar Maraɗi. Liddell kuwa ɗan gidan ƴan mishan ne, a ƙasar Sin aka haife shi, can kuma ya koma ya mutu. Ashe irin Kiristancin da ya hana shi gudu ranar Lahadi ba baƙo ba ne a ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi, ya kusa shekara ɗari yana zaune tare da mu.

Abin da nake son mu duba shi ne yadda ɗan wasa mai addini yake rayuwa da burinsa. Mutum ne da yake son ya fi kowa, a buga sunansa, a rataya masa lamba, alhali addininsa, ko wanne ne daga cikin ukun nan da suke komawa ga Annabi Ibrahim, yana ta jan kunnensa a kan girman kai. Kuma sau da yawa tun kafin ya tsaya a layi jama'a sun riga sun sa masa suna: Bayahude, ɗan mishan, mace, ɗan talakawa.

Labarin Liddell ya fi shahara, saboda fim ɗin Chariots of Fire na 1981 wanda ya ci kyautar Oscar huɗu. A fim ɗin an nuna kamar sai da zai shiga jirgin ruwa zuwa Faransa ya ji cewa zagayen share fage na mita 100 ya faɗo ranar Lahadi. Ba haka aka yi ba. Jadawalin ya fito watanni kafin gasar, ya gani, ya ce ba zai yi ba, sannan ya duƙufa yana shirin mita 400, tseren da ba shi ne gwaninsa ba. Wannan gaskiyar ta fi ta fim nauyi a wurina. Ƙin abu cikin zafin zuciya na minti ɗaya kowa na iyawa. Amma mutum ya yi watanni ana lallashinsa, ana zarginsa da juya wa ƙasarsa baya, shi kuwa kullum yana fita atisaye a kan wani tsere dabam, wannan sai wanda ya san abin da yake yi. Ranar Lahadi 6 ga Yuli aka yi share fagen mita 100 babu shi. Ya ci tagulla a mita 200. Ranar 11 ga wata aka ba shi layin waje a wasan ƙarshe na mita 400, inda mai gudu ba ya ganin abokan hamayyarsa, ya fita da gudu kamar tseren gajere ne, bai sassauta ba har ya tsinke zare.

A wurin mutanen Sikotland na wancan zamani Lahadi ba ranar zuwa majami'a kaɗai ba ce, ranar Ubangiji ce gaba ɗayanta, ba aiki, ba wasa, ba kasuwa. Musulmi zai ɗan yi wuyar gane wannan, domin Juma'armu ba haka take ba: a bar ciniki idan an kira salla, in an idar kowa ya koma neman abincinsa. Yahudawa ne suka fi kusa da fahimtarsa, su da Asabar ɗinsu ke farawa daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa fitowar taurari daren Asabar.

Masu wa'azi na son labarin Liddell don ya ƙare da zinare: ya girmama Allah, Allah ya girmama shi. Ni ina ganin a nan ne ake ɓata labarin. Da ya zo na biyar fa? Shin ƙin gudun nasa zai zama wauta ke nan? Ba a cika faɗin cewa saboda wannan Lahadin ya rasa gudun miƙa sanda ba, inda ƴan ƙasarsa suka samu lambobi ba tare da shi ba. Ba a kuma cika faɗin cewa a 1925, yana da shekara 23, lokacin da ƙafarsa ke kan ganiyarta, ya bar fagen duniya ya koma Sin yana koyarwa. Sojojin Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien a 1943, ya mutu a can ranar 21 ga Fabrairu 1945 da ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 43. Waɗanda suka zauna da shi a sansanin sun ba da labarin cewa da farko ya ƙi shirya wa yara wasa ranar Lahadi, amma da yaran suka yi wasansu su kaɗai ya rikiɗe ya zama faɗa, sai ya fito Lahadi mai zuwa ya yi musu alƙalanci. Mutumin da ya ƙi taka dokarsa don zinaren Olamfik ya sassauta ta don kada yara su fasa wa juna kai. Duk wanda ke son ya san ko tsantsenin mutum na Allah ne ko na ganin ido, to ya dubi inda yake sassautawa da kuma wanda yake sassautawa dominsa.

Na Abrahams daban ne, kuma a ganina ya fi kusa da abin da matasanmu ke ji a jikinsu. A nan sai na ɗan tsaya, don na san da an ambaci Bayahude zuciyar mai karatu za ta tafi Gaza. Abrahams ya yi gudunsa shekara 24 kafin a kafa ƙasar Isra'ila. An haife shi a Bedford a 1899, mahaifinsa baƙo ne da ya yi hijira daga gabashin Turai ya yi arziki a Ingila. Ba mai tsananin ibada ba ne, Asabar ba ta hana shi gudu ba. Yahudancinsa abu ne da wasu ke tuna masa da shi. Ya yi karatu a Kambirij cikin ƴaƴan manya, ya fi yawancinsu ƙwaƙwalwa da ƙafa, amma a Ingila ta wancan lokaci akwai wani kallo da ake yi wa Bayahude, ba a zage shi a fili ba, ba a kuma buɗe masa ƙofa gaba ɗaya ba.

Sai ya yi abin da manyan wasa na lokacin suke ganin ƙasƙanci ne: ya ɗauki mai horarwa na kuɗi, Sam Mussabini, mutum mai jinin Larabawa da Turawa a haɗe. A al'adar masu hannu da shuni na Ingila, mutumin kirki ba ya nuna yana son ci ƙwarai, wasa nishaɗi ne, kuma hayar koci aikin ƴan neman kuɗi ne. Abrahams bai damu ba. Ya yi ta gyaran tashi daga layi da tsawon taki har ya doke Amurkawan da kowa ya sallama wa. A 1925 ya karya ƙafa wajen dogon tsalle, gudu ya ƙare. Ya zama lauya, ɗan jarida, mai sharhi a rediyo, daga baya ya shugabanci hukumar wasannin guje-guje ta Birtaniya, yana kuma cikin masu riƙe agogo ranar 6 ga Mayu 1954 da Roger Bannister ya yi gudun mil ɗaya ƙasa da minti huɗu. Ƙofar da aka ɗan buɗe masa ya tura ta da kafaɗa ya shiga har ƙuryar ɗaki.

Ba kowa ya samu haka ba. A gasar Olamfik ta Barlin ta 1936, a gaban Hitila, tawagar guje-guje ta Amurka na da Yahudawa biyu, Marty Glickman da Sam Stoller, an kawo su musamman don gudun miƙa sanda na mita 100 sau huɗu. Da safen ranar da za a fara aka cire su, aka sa Jesse Owens da Ralph Metcalfe. Masu horarwa suka ce wai suna tsoron Jamusawa sun ɓoye wasu gwanaye. Amurka ta ci da tazara mai yawa cikin sakan 39.8, Glickman kuwa, wanda yake da shekara 18 a lokacin, ya rayu yana cewa an cire su ne don kada a kunyata masu masauki da Yahudawa a kan dandamalin lambobi. Su biyun ba su ƙi gudu ba, ba su roƙi a sauya musu rana ba. Sunan gidansu kawai aka duba.

Rigimar ranar ibada ba ta mutu da Liddell ba. Beatie Deutsch, Bayahudiya mai tsananin riƙo da addini, uwar ƴaƴa biyar, tana gudun fanfalaki da siket da ɗankwali da riga mai hannu, ta zama zakarar Isra'ila a 2019. Da aka mayar da fanfalakin mata na gasar Olamfik ta Tokiyo ranar Asabar ta nemi a sauya, aka ƙi, ta ce to ba za ta yi ba. Daga ƙarshe ma lokacinta bai kai awa 2 da minti 29 da sakan 30 da ake buƙata ba, don haka ba zinare, ba fim. Jonathan Edwards na Ingila, ɗan limamin coci, gwanin tsalle mai taki uku, ya ƙaurace wa gasar duniya ta 1991 saboda Lahadi, a 1993 ya sake shawara ya fara shiga, a 1995 ya yi tsallen mita 18.29 da har yau ba a karya ba, a 2007 kuma ya fito ya ce imanin ya bar shi gaba ɗaya. Duk wanda ke neman ƙa'ida ɗaya da za ta ce mai tsantseni shi ke ci, ko mai sassauci shi ke ci, waɗannan mutane za su ba shi kunya.

Mu dawo gida. Maraɗi da Tsibiri garuruwa ne da tun kafuwarsu suka san abin da ake nufi da a ce maka imaninka bai cika ba. Sarakunan Haɓe na Katsina da jihadin Shehu Usmanu ya kora su ne suka kafa Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Musulmi ne, amma Sakkwato ba ta yarda da Musuluncinsu ba. Sun zauna a kwarin Gulbin Maraɗi tare da Arna masu tsafin gado, kuma har gobe akwai sarautar Iya a Maraɗi da ta Inna a Tsibiri, waɗanda bori ke ƙarƙashinsu. A kan wannan ƙasa mishan ta zo ta buɗe makaranta a Tsibiri, a shekarun 1950 kuma ta buɗe asibitin kutare a Danja, cikin yankin Jiratawa. Daga nan aka samu Hausawa Kirista, ba baƙi daga kudu ba, ƴan ƙasa masu zanen Gobir a fuska, masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa. A kan wannan ƙasa kuma Izala ta yi ƙarfi da dukiyar alhazan Maraɗi. Ƙidayar 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin 100 na ƴan Nijar. Kirista ba su kai kashi ɗaya ba, amma yankin Maraɗi na cikin wuraren da suka fi daɗewa da kafuwa.

Yahudawa kam ba mu da su a matsayin al'umma. Amma halin da Abrahams ya samu kansa a ciki muna da shi. Yaro Kirista daga Tsibiri ko Danja da ya shiga ƙungiyar wasa yana ɗauke da sunan jama'arsa duka a kansa, ko yana so ko ba ya so. Ya san cewa a Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, abin da ba shi da hannu a ciki. Ya san an ƙona wata majami'a a cikin Maraɗi a watan Yuni na 2019 bayan kama wani limami. Ba kullum ake tsangwamarsa ba, makwabta na kai masa naman layya, shi ma yana kai musu abincin Kirsimeti, amma ya iya taka-tsantsan tun yana ƙarami. Ga irin wannan yaro gudu na da wata daraja da ƙwallon ƙafa ba ta da ita. A ƙwallo sai koci ya zaɓe ka, sai abokan wasa sun ba ka. A gudu agogo ne alƙali, kuma agogo ba ya tambayar ko sunanka Bulus ne ko Buhari. Abin da ya ja Abrahams ke nan. Sai dai Barlin ta nuna cewa kafin a kai ga agogo akwai mai rubuta sunayen waɗanda za su tsaya a layi.

Sannan ga batun rana. Mun gaji hutun Asabar da Lahadi daga Faransa, don haka safiyar Lahadi ce ta fi sauƙi ga mai shirya wasa: ba lakwal, ba ofis, rana ba ta yi zafi ba. Musulmi bai rasa komai ba. Yaron da ke zuwa majami'a shi ne zai zaɓa. Mafi yawan Kiristan yau ba su da tsananin Liddell, bayan sujada suna iya wasa, amma sujadar da tseren duka da safe suke. Mu Musulmi ma muna da namu lokacin gwaji. A 2023 da 2024 azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40. A gasar Olamfik ta Landan ta 2012, wadda ta faɗo cikin Ramadan, ƴan wasa Musulmi da yawa sun ɗauki rangwamen matafiyi suka rama daga baya. Fiƙihunmu yana da ƙofar da Asabar ɗin Beatie Deutsch ba ta da ita. Wannan sauƙi da muka samu bai kamata ya makantar da mu ga wanda bai samu ba.

Inda addini da wasa suka fi cakuɗewa a wurinmu ba gudu ba ne, kokawa ce. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, ɗan Maraɗi, Yakuba Ango Kantu, ya fara ɗaukarsa, kuma sunansa ne a kan filin kokawar birnin. Jihohi takwas, ƴan kokawa goma-goma, ƙasa duka ta tsaya cik a gaban rediyo da talabijin. Duk wanda ya taɓa kallo ya ga abin da ɗan kokawa ke shigowa da shi: layu a damtse, guru a ƙugu, kambu, ruwan rubutu a gora, a tsuguna a tofa, a binne wani abu a yashi. Bayansa akwai malami, wani lokaci akwai boka, kuma jiha guda na iya haɗa kuɗi don a yi wa gwaninta aiki. Malaman Sunna sun daɗe suna sukar wannan, suna cewa shirka ce, ga tsiraici ga kiɗa. Masu kare kokawa na cewa ai Manzon Allah (SAW) ya yi kokawa da Rukana ya kada shi.

Ba hukuncin laya nake son yankewa ba, wannan na malamai ne. Abin da na lura da shi shi ne alƙiblar abin. Liddell ya kawo addininsa fili a matsayin iyaka: ga abin da ba zan yi ba ko da zan rasa. Ɗan kokawarmu yana kawo nasa a matsayin makami: ga abin da zai sa in ci. Kuma kada wani ya ɗauka halin Musulmi ne ko na Bahaushe kaɗai. Ƴan gudun Habasha da Kenya na yin alamar gicciye kafin a harba bindiga, suna durƙusawa in sun ci. Garin Iten, cibiyar gudun Kenya, ya yi suna ne ta makarantar Katolika ta St Patrick, inda wani ɗan mishan ɗan ƙasar Ayalan, Colm O'Connell, ya iso a 1976 ya horar da zakarun duniya, har da David Rudisha mai riƙe da tarihin mita 800. Amma a wannan Kenya ɗin mai yawan addu'a an dakatar da ƴan gudu masu ɗimbin yawa saboda ƙwayoyin ƙara kuzari. Ɗaga yatsa sama bayan nasara ba ya nuna komai game da abin da mutum ya sha kafin ta. Addinin da ke amfanar wasa shi ne wanda ke hana mutum rage shekarunsa a takardar haihuwa, ya hana shi ƙwaya, ya hana shi sayar da wasa. Wannan ba a ganinsa a hoto.

Mai biyan farashi mafi tsada a Maraɗi kuwa yarinya ce. A firamare ƴan mata na tsere da maza har su wuce su. Da ta fara girma sai maganar tufafi ta taso, sai maganar idon jama'a, sai maganar aure, wanda a jihar nan yakan zo da wuri ƙwarai. Gudun da ya rage mata shi ne na jarrabawar motsa jiki ta birbe da bak. Abin mamaki, a nan nassi ya fi al'ada sassauci: Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ta wuce shi, bayan shekaru suka sake ya wuce ta. Duniya ta gwada hanyoyi iri-iri. Hassiba Boulmerka ta Aljeriya ta ci zinaren mita 1500 a gasar Olamfik ta Basalona a 1992 da gajeren wando, bayan an yi mata barazanar kisa har sai da ta koma atisaye a waje. Ruqaya Al-Ghasra ta Baharen ta ci mita 200 a gasar Asiya ta 2006 a rufe ruf da hijabi. Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha mai wakiltar Holan, ta ci fanfalakin Olamfik na Faris a 2024 ta karɓi zinarenta da hijabi, a ƙasar da ta hana nata ƴan wasan sa shi. Masu cewa dole ki rufe da masu cewa dole ki buɗe duka sun manta da tambayar mai gudun. Siket ɗin Bayahudiya Deutsch da hijabin Al-Ghasra sun isa shaida cewa sutura ba ta hana sauri. Nijar ma na da shaidarta: Aminatou Seyni ta yi mita 400 cikin sakan 49.19 a 2019, dokar sinadarin jiki ta hukumar duniya ta hana ta wannan tsere, ta koma mita 200 ta zama zakarar Afirka a 2022, ta zo ta huɗu a duniya a wannan shekara. Ita kuma ba addininta aka tuhuma ba, halittarta aka tuhuma.

To buri fa, laifi ne? Tarbiyyarmu ta fi yaba wa mai kawaici, wanda ba ya nuna yana so. Yaron da ya ce zai zama zakaran duniya sai a ce ya cika baki. Amma garin da alhazansa suka tashi daga tallan gyaɗa suka kai ga jigilar kaya tsakanin Kwatano da Kano ba zai ce bai san buri ba. Mun halatta shi a kasuwa ne, muka hana shi a fili. Bulus Manzo ya kwatanta rayuwar mai bi da tsere a wasiƙunsa, Alƙur'ani ya yi umarni da rige-rige zuwa ga alheri, kuma a cikin sahabbai akwai Salamatu ɗan Akwa'u da ya shahara da gudu. Ba son ci ne matsala ba. Lambobin Olamfik na Nijar biyu ne tak: tagullar Issaka Daboré a dambe a 1972 da azurfar Abdoul Razak Alfaga a takwando a 2016. Ƙasar da ke da wannan lissafi ba yawan buri ke damunta ba.

Haɗarin yana wajen abin da mutum zai sayar. Ƙasashen Larabawa masu man fetur sun daɗe suna ɗaukar ƴan gudun Afirka su ba su fasfo da sabon suna. Stephen Cherono na Kenya ya zama Saif Saaeed Shaheen na Katar a 2003. Wani ɗan Kenya, Leonard Mucheru, Kirista, ya zama Mushir Salem Jawher na Baharen, a Janairun 2007 ya je Isra'ila ya ci fanfalakin Tibariya, hukumomin Baharen suka fusata suka yi watsi da shi, ya koma neman fasfonsa na Kenya. Kirista mai sunan Musulmi ya ci tsere a ƙasar Yahudawa ya wayi gari ba ƙasa. Ba na zagin waɗannan samari, talauci ne ya kai su. Amma duk ranar da ɗan Maraɗi ya yi gudun da duniya ta ji, za a kawo masa irin wannan tayin, kuma ranar ba ta da amfani a fara tambayarsa ko shi wane ne. Tun yana gida ake sanar da shi cewa ƙasarsa na sonsa da sunansa da addininsa yadda suke.

Idan aka duba waɗannan labarai za a ga cewa kaɗan ne daga ciki nassi ya haddasa. Yawanci wani ne ya zauna a ofis ya rubuta jadawali, ko dokar sutura, ko jerin sunaye, bai tuna da wani ba, ko ya tuna da shi da mugun nufi. Ɗan wasa ne ke biya, sai daga baya a yi fim a yaba wa jaruntakarsa. Jarunta abar yabo ce, amma ba daidai ba ne a riƙa buƙatarta daga yaro ɗan shekara 15.

Daga Maraɗi zuwa Tsibiri bai kai kilomita 15 ba, haka ma zuwa Jiratawa, kuma daga Disamba zuwa Janairu safiyarmu na da sanyin da mai gudu ke so. Ina kira ga hukumar wasanni ta jiha, da shugabannin makarantu, da fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir, da alhazan da ke zuba kuɗi a kokawa, su kafa tseren shekara-shekara a kan waɗannan hanyoyi. A sa shi safiyar Asabar, wadda ba ta taɓa Juma'ar Musulmi ko Lahadin Kirista ba, a kauce wa watan azumi. A bar yarinya ta yi gudu da dogon wando da hijabi in ta so, a tanadi mata masu horarwa. A gayyaci makarantun islamiyya da na majami'u a rana ɗaya, kuma agogo ya zaɓi wanda zai wakilci jiha a Yamai.